Yadda Ake Haɗa Man Shafawa a Gida Wanda Ba Zai Lalace a Kwalba Ba

Man shafawa na farko da na haɗa da hannuna bai yi kwana goma ba. Na narka man kaɗanya, na zuba ruwan alobera da na kankaro daga ganye, na ɗiga zuma, na yi ta bugu har ya yi fari tas kamar auduga. Na ɗura a kwalba ina ta yaba kaina. Ranar da na buɗe na ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a gefen murfi, sai na ɗauka datti ne, na sa yatsa na share. Bayan kwana biyu ɗigon ya dawo da 'yan'uwansa, ga wani tsami-tsami yana tashi. Ashe fumfuna ce. Kayan da na zuba duk masu kyau ne, kuskurena ɗaya ne tak: na shigar da ruwa cikin kwalba.

Duk aikin a nan ya rataya. Fata tana son ruwa, amma a jikinta ake son ruwan ya zauna. Da zarar ya shiga kwalbar mai ba tare da an yi masa tanadi ba, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Saboda haka zan fara da haɗin da babu ɗigon ruwa a ciki, wanda shi ya fi sauƙi ya fi daɗewa, mai ruwan kuma mu bar shi can ƙarshe. Da mace nake magana don bakina ya saba, amma fatar namiji ma haka take bushewa.

Abin da mai yake yi wa fata

Saman fatar mutum wani siririn shimfiɗi ne na matattun ƙwayoyin halitta, a jere kamar tubali, da kitse a tsakaninsu yana riƙe su yadda laka ke riƙe gini. Dare da rana ruwan jiki yana sulalewa ta wannan katanga yana bin iska, ko da ba a yi gumi ba. In katangar lafiya lau take, kaɗan ne ke fita. Sabulu mai ƙarfi, wanka da ruwa mai tsananin zafi, busasshiyar iska da kuma shekaru, su ke cinye kitsen nan. Ruwa ya samu ƙofa, sai ki ga ƙafa ta yi furu-furu, gwiwar hannu ta yi kaushi, dunduniya ta fara faso.

Kayan haɗi aikinsu iri uku ne. Akwai masu jan ruwa su riƙe shi a fata, irin su gilisirin da zuma da alobera. Akwai masu cike 'yan ramukan da ke tsakanin tubalan su sa laushi, wato mayuka na ruwa, irin man zaitun, waɗanda ba sa daskarewa a ɗaki. Sai masu rufe saman fata su tare ruwa kada ya gudu, irin su kakin zuma da man kaɗanya da man koko. Shi mai ba ya ɗauke da ruwa ko kaɗan, tsare wanda ya tarar yake yi. Shi ya sa in kin shafa a busasshiyar fata sai ta yi ƙyalli a sama, bayan awa biyu ƙaiƙayi ya dawo. A shafa shi da an fito wanka, cikin minti uku ko makamancin haka, jiki da sauran damshi. Wannan kaɗai ya fi ƙarin kayan haɗi biyar amfani.

Kuma kada kalmar "na halitta" ta ruɗe ki. Dafin maciji ma daga halitta yake. Shi kuwa Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, daga ɗanyen man fetur aka tace shi, amma wajen tare ruwa a fata kaɗan ne ke kamo ƙafarsa. Ni dalilina na haɗawa da kaina shi ne na san abin da ke ciki, in rage wannan in ƙara wancan daidai da fatata.

Zaɓen mai

Man kaɗanya shi ne ginshiƙi. Yana narkewa kusa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake a daskare a kwalba amma da ya taɓa tafin hannu sai ya saki. Ɗanyensa yana da launin hauren giwa ko ruwan ɗorawa, da wani wari na hayaƙi-hayaƙi wanda wasu ke so wasu ba sa iya jurewa. Tataccen fari ne, babu wari. Duka biyun suna aiki. Ki dai shinshina kafin ki karɓa: in kin ji warin tsufa mai kartar maƙogwaro, ya riga ya juya, kuma narkawa ba ta dawo da shi.

Man koko ya fi shi tauri, sai zafi ya kai wajen digiri 34 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyos yake narkewa, don haka yana taimaka wa haɗi ya tsaya a wuri mai zafi. Man kwakwa kuwa tun daga digiri 24 yake zama ruwa. Yana da daɗin shafawa a jiki, amma yakan toshe ƙofofin fatar fuska ga masu fama da ƙuraje.

Wajen man ruwa ne mutane da yawa ke mamaki. Man zaitun yana da suna, amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Shefil ta Ingila sun buga sakamakon wani gwaji: an sa manya suna shafa man zaitun a hannu ɗaya, man sanfulawa a ɗayan, sau biyu a rana har mako huɗu. Hannun da aka shafa wa zaitun katangar fatarsa ta yi rauni, har ya ɗan yi ja, na sanfulawa kuwa bai samu wannan matsala ba. Dalilin yana cikin nau'in kitsen da kowanne ya fi ƙunsa. Tun daga lokacin na mai da man sanfulawa, wato na 'ya'yan furen nan mai bin rana, man ruwana na kullum. Ba na cewa a zubar da zaitun, amma ga jariri da mai egzima, wato ciwon nan mai sa fata bushewa da ƙaiƙayi, a nemi wani.

Man jojoba, wanda ake samu daga wani ɗan itace na hamadar da ke tsakanin Amurka da Meziko, a gaskiya kaki ne mai ruwa-ruwa. Ba shi da maiƙo sosai, kuma yana daɗewa bai juya ba. Man almon da man riɗi ma suna da kyau, sai dai duk wanda jikinsa ba ya karɓar ɗayansu a baki, kada ya shafa shi a fata. Man gyaɗa kuma a nisanta shi da fatar jarirai gaba ɗaya.

Kayan aiki

Ki nemi ɗan ƙaramin sikeli mai auna giram. Na san cokali ya fi kusa da hannu, amma cokali ɗaya na man kaɗanya a daskare da cokali ɗaya a narke ba nauyinsu ɗaya ba, kakin da aka gurza da wanda aka fasa ma haka. Da sikeli, haɗin da ya yi miki daɗi yau za ki iya maimaita shi wata mai zuwa. Da cokali kuwa sai dai sa'a.

Sai tukunya, da kwanon ƙarfe ko na gilashi mai jure zafi wanda zai zauna a bakinta, da injin buga ƙwai ko maburgi in akwai ƙarfin hannu, da cokali, da kwalabe masu murfi mai kyau. A wanke komai da sabulu, a feshe da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bar shi ya bushe ƙayau da kansa. Kwalbar da ke da ɗigon ruwa a gindi ba ta shirya ba.

Haɗi na farko: bugaggen man jiki

Wannan zai ba ki giram 200:

man kaɗanya, giram 130
man sanfulawa ko jojoba, giram 50
man kwakwa, giram 18
man bitamin E, giram 2

Ki zuba ruwa a tukunya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki ɗora a wuta kaɗan, ki aza kwanon a bakinta. Tururi ne zai yi narkawar. Kada ki ɗora mai kai tsaye a wuta. Yana ƙonewa ya yi ƙauri kafin ki juya baya.

Ki yayyanka man kaɗanyar ƙanana ki zuba tare da man kwakwa. Ki riƙa juyawa har ya narke sarai, ki ɗaga cokali ki duba a haske, kada ki ga ko ƙwaya ɗaya tana yawo. Ki ƙara masa 'yan mintoci a kan tururin bayan haka, zan faɗi dalili. In ɗanye ne, ki tace shi da tsaftataccen ƙyalle, domin ba a rasa ɗan ɓawo ko yashi a ciki.

Ki sauke kwanon, ki goge gindinsa da tawul nan take. Tururin da ya taru a nan shi ke ɗigowa cikin kwalba lokacin juyewa, mutum bai sani ba. Ki zuba man sanfulawa ki juya. In ya huce har za ki iya ɗora kwanon a cikin wuyan hannunki ba ki ji zafi ba, sai ki sa bitamin E.

Yanzu ki rufe kwanon ki sa a firji. Nan ne wurin da ake cin nasara ko a faɗi. Man kaɗanya ya ƙunshi kitse iri-iri, kowanne da zafin da yake daskarewa. In aka bar shi ya huce a hankali a kan tebur, masu taurin sai su riga sauran daskarewa, su dunƙule wuri guda, bayan kwana biyu ki ji man yana da tsaki-tsaki kamar an zuba masa yashi. Narkewa sarai da hucewa da sauri su ke hana wannan. Tsakin ba ya cutarwa, yana narkewa a fata, amma babu daɗi.

Bayan kamar minti 30 zuwa 45 ki duba. Abin da kike nema: gefe ya daskare ya yi fari, tsakiya kuma da sauran taushi, in kin danna bayan cokali ya bar shaida ba tare da mai ya taso ba. In ya yi ruwa da yawa, bugu ba zai kama ba, sai dai ya fantsama miki a riga. In ya yi tauri kamar sabulu, ki ajiye shi a waje ya ɗan saki.

Ki fara bugu a hankali, sannan ki ƙara gudu. Cikin minti biyar zuwa goma za ki ga launin ya koma fari, ya kumbura, in kin ɗaga kan injin sai ya bar ɗan tsini a tsaye. Ki riƙa tsayawa kina kankaro na gefen kwano. In ya fara laushi saboda zafin ɗaki, ki mayar firji minti goma ki ci gaba. Ki kwashe da busasshen cokali ki zuba a kwalba, kada ki danna shi, iskar da kika sha wahalar shigarwa za ta fita.

Abu biyu game da wannan haɗi. Na ɗaya, yana da maiƙo, domin mai ne zalla. Abin da ya kai kan ɗan yatsa ya ishi hannu guda daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. In duk da haka maiƙon ya dame ki, ki dama cokalin shayi ɗaya ko biyu na lallausan sitaci a cikin man ruwan kafin ki haɗa. Na biyu, zafi abokin gabarsa ne. In ya narke a kwalba zai sauka ya koma rabi, kumburin ya tafi. Bai lalace ba, ki sake sanyaya shi ki buga. In ɗakinki mai zafi ne, ki cire man kwakwar ki sa man koko a madadinsa, ko ki kai man kaɗanyar giram 150 ki rage na ruwa.

Haɗi na biyu: man kaushi da faso

Wannan ba ya buƙatar bugu. Kakin zuma giram 20, man kaɗanya giram 30, man ruwa giram 50. Kaki sai a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, don haka shi za ki fara sawa tare da man ruwan, in ya narke ki jefa kaɗanyar ta bi. Kafin ki juye, ki tsoma cokalin da kika sanyaya a firji. Abin da ya daskare a jikinsa shi ne taurin da za ki samu. Ya yi tauri, ƙara mai. Ya yi laushi, ƙara kaki. Ki juye a ƙananan gwangwanaye da zafinsa, ki bari ya daskare kafin ki rufe. Kwanon kuma ki goge shi da takarda tun yana da ɗumi, kada ki zubar da kaki a magudanar ruwa, toshe ta zai yi.

Ga dunduniya, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma da dare, ki goge da dutsen goge ƙafa a hankali, ki tsane, ki shafa da kauri, ki sa safar auduga ki kwanta. Yana yi wa leɓe da gwiwa ma. Amma fason da ya tsage har yana jini, ko ƙafar mai ciwon suga, wannan aikin likita ne, kada a tsaya shafe-shafe.

Fuska, da dabarar tafin hannu

Fuska ba ta son nauyi. Ɗigo biyu ko uku na jojoba ko sanfulawa a kan fata mai damshi ya wadatar, a danna da tafin hannu ba murza ba.

To ina gilisirin da alobera da zuma, tunda su ne masu jan ruwa? Su ma suna da wurinsu, amma a tafin hannu ake haɗa su lokacin shafawa. Ki ɗiga gilisirin ɗigo biyu a hannu, ki sa ɗan ruwa, ki murtsuka, ki shafa, sannan ki bi da man kaɗanyarki a kai. Kin samu duk aikin uku, kwalbarki kuma ba ta ga ruwa ba. Kada ki shafa gilisirin tsurarsa, danƙo zai yi, wata fatar ma har ta yi zafi.

Alobera kuwa, in kin yanko ganye, ki jingine shi a tsaye a kofi kamar minti 15, wani ruwa mai launin ɗorawa zai tsiyaye. Wannan ruwan yana sa ƙaiƙayi, a zubar. Ki fere ɓawon, ki kankaro farin yauƙin, ki ɗauraye, ki markaɗa, ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar. Kullum ki ciro ɗaya. A firji kawai bai wuce 'yan kwanaki ba yake juyawa.

Zuma ita kaɗai ba ta lalacewa saboda ƙarancin ruwan da ke cikinta, amma da an sirka ta wannan kariya ta tafi. Ba ta kuma haɗuwa da mai, kwanciya take yi a gindin kwalba. A shafa ta a fuska minti goma zuwa goma sha biyar a wanke, shi ke nan.

Haɗi na uku: mai ruwa-ruwa

Neman haɗa ruwa da mai tsohon aiki ne. Ana danganta wani haɗi na kakin zuma da man zaitun da ruwan fure ga Galen, likitan nan Bagirke da ya yi aiki a Rum a ƙarni na biyu, wanda Larabawa ke kira Jalinus. Matsalar irin wannan haɗi tun can ita ce rabuwa da saurin lalacewa. Kakin zuma yana kama ruwa na ɗan lokaci ne kawai, bayan kwanaki sai ki ga ruwan yana tsattsafowa.

In kina son irin man da ake matsowa daga roba, mai shigewa fata da sauri, akwai abu biyu da ba makawa. Na farko kakin ɗaure ruwa da mai, wanda masu sayar da kayan haɗin kwalliya ke kira imalsifayin wakis. Na biyu sinadarin hana lalacewa. Bari in faɗa a fili: bitamin E ba ya wannan aiki. Shi jinkirta tsufan mai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Man ƙamshi ma ba ya yi, firji kuma jinkiri kawai yake kawowa. Fumfuna ma ta yi kirki da take nuna kanta. Bakteriya tana iya cika kwalba man yana nan fari ƙal da ƙamshinsa, kuma akwai irinta da in ta shiga ido ko rauni takan yi mummunar ɓarna.

Ki nemi haɗaɗɗen sinadarin da aka rubuta yana maganin bakteriya da yis da fumfuna duka, ki bi adadin da ke jikin takardarsa. Da yawansu an gina su kan fenoksi'itanol, wanda dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a kayan shafa. Wasu kuma, irin su sodiyam benzowet da fotasiyam sobet, ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami, wajen pH 5 ko ƙasa (pH shi ne ma'aunin tsami, ƙaramar lamba ta fi tsami), don haka suna buƙatar takardar gwaji. In ba ki samu sinadarin ba, ko ba kya son sa, ki haɗa ɗan kaɗan, ki ajiye a firji, ki zubar da abin da ya rage bayan kwana uku zuwa biyar.

Ga awon giram 100: tataccen ruwan tururi (wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa) 70, gilisirin 4, man ruwa 15, man kaɗanya 5, kakin ɗauri 5, sinadarin hana lalacewa 1.

Kwano biyu za ki yi. Ɗaya ruwa da gilisirin, ɗaya mayukan da kakin. Ki auna kwanon ruwan da abin da ke cikinsa ki rubuta nauyin. Ki ɗora duka biyun a kan tururi har kowanne ya kai digiri 70 zuwa 75. A nan ma'aunin zafi dole ne, domin in ɗaya ya fi ɗaya sanyi sosai kakin zai daskare ya yi gudaji. Ki sake auna kwanon ruwan, ki cika abin da ya tafi a tururi da tataccen ruwa mai zafi.

Ki juye ruwan cikin man, ki sa bulandar hannu ki buga minti biyu zuwa uku, kanta a nutse don kada ta jawo kumfa. Nan take zai koma fari kamar madara, kuma zai yi tsararo. Kada ki tsorata ki ƙara kaki, kaurin yana zuwa ne da hucewa. Ki riƙa juyawa lokaci-lokaci har ya sauko digiri 40, ki zuba sinadarin ki juya sosai. Ki bari ya huce gaba ɗaya kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai taru a murfi, kuma wannan gumin babu sinadari a cikinsa. Roba mai famfo ta fi kwalba mai faɗin baki, tunda yatsa ba ya shiga. Sai washegari za ki ga ainihin kaurinsa. Ki ƙarar da shi cikin wata uku.

Ƙamshi, da abubuwan da ba a sawa

Ni na fi son mai babu ƙamshi, domin ƙamshi na cikin manyan abubuwan da ke tayar wa fata da hankali. In dai sai an sa, man ƙamshin tsirrai kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na jiki, wato giram 2 a haɗinmu na farko, na fuska kuma rabin haka. A sa shi bayan haɗi ya huce. Ga jarirai da ƙananan yara kada a sa ko ɗigo, mai ciki kuma ta tambayi likitarta. Man ɓawon lemon tsami da na bagamot, wani irin lemo, suna da wani sinadari da in rana ta bugi fatar da aka shafa wa, takan ƙone ta bar baƙin tabo na watanni. Ruwan lemon tsamin kansa ma haka yake yi, ga tsananin tsami, alhali fata tana zaune ne a wajen pH 5. Bakin soda kuma, hodar nan da ake sa wa ƙulli ya tashi, ya yi nisa ta ɗaya ɓangaren, wato kishiyar tsami. Duka biyun ba su da wuri a man shafawa.

Haka nan kada a matse wani man asibiti ko man sauya launin fata a cikin haɗi don "ya ƙara ƙarfi". Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, wanda in an daɗe ana shafawa yake sirantar da fata. Kuma duk man da muka haɗa a nan babu wanda ke kare fata daga rana, kowa me zai ce.

Gwaji da ajiya

Sabon haɗi ba a fara shi da fuska. Ki shafa kaɗan a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, har mako guda in kina da haƙuri, domin wata fatar sai bayan kwanaki take nuna ƙin abu. Kin ga ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, ki wanke ki dakata. Shi ya sa ya fi kyau a fara da kaya uku ko huɗu. In kin zuba goma, ba za ki san mai laifin ba.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Mai yana shiga tufafi da zanen gado ya bushe a ciki, ya sa su saurin kama wuta. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan haka a 2018, ta ce abin ya shafi mayukan shafawa masu farafin, irin su Vaseline, da marasa shi. Wanda ke shafa mai da yawa kullum ya yi nesa da kyandir da sigari da buɗaɗɗiyar wuta, a riƙa wanke kayan kwanciyarsa akai-akai, duk da wankin ba ya fitar da shi duka.

Haɗin da babu ruwa yakan kai wata shida a wuri mai sanyi da duhu, sai dai in ɗaya daga cikin mayukan ya riga ya tsufa tun kafin a haɗa, to shi zai ja sauran. Ki manna takarda a jikin kwalba ki rubuta ranar haɗi da awon da kika yi. Hanci ne alƙali: da kin ji warin ya sauya, ko launi ya juya, a zubar.

Saura hanya ɗaya da ruwa ke bi ya shiga ko da kin kiyaye duk na sama, ita ce jiƙaƙƙen yatsa. An ce a shafa mai jiki da damshi, ga shi kuma an ce kada ruwa ya taɓa kwalba. Yadda nake yi, babbar kwalbar ba ta shiga banɗaki sam, tana cikin kabad da ɗan cokalinta. Duk mako nakan ɗebi abin da zai ishe ni in zuba a wata 'yar ƙaramar kwalba, ita ce ke bi na wurin wanka. In ta ƙare in wanke ta, in kife ta ta kwana ta bushe, sannan in sake cikawa.